Ƙulli Biyar a Igiyar Hanatu

A Wuro Patuji, idan ka tambayi gidan Miriyamu matar Kwaji, za a tsaya ana kallon juna ana tunani. Amma ka ce Mama mai igiya, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofa.

Ita dai ba tela ba ce, kuma in ka kira ta tela ka ɓata mata rai ke nan. Tela yana rumfa a kasuwar Mubi, yana ɗinka wa wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ita manomiya ce. Duk damina tana gonar gyaɗa tun safe har rana ta karkata, sai an kai amfani gida take jawo keken ɗinkinta na hannu daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da tsumma, ta ɗiga masa mai, ta ɗora shi a kan turmin da aka kifa a gindin mangwaro. Daga nan har Kirsimeti babu mai samun kanta. Nata kawai take ɗinka wa, in ji ta. Sai dai natan nan ba su da iyaka: 'ya'ya, jikoki, 'ya'yan ƙanne, da duk yaran makarantar Lahadi na cocinsu.

Daga duwatsun Michika suka sauko, ita da Kwaji da 'ya'yansu, a shekarar 1959, lokacin da ake ta hayaniyar ƙuri'ar raba gardama ta farko. Ita ba ƙuri'a ce ta dame ta ba, neman ƙasar noma mai laushi ya kawo su. A zumuntar mata ta koyi riƙon allura, wajen matar fastonsu, wata doguwar mata mai suna Margret. Bayan shekara biyu, a shekarar da mata ma suka yi layi suka jefa tasu ƙuri'ar, aka yi wa faston canjin wurin aiki. Margret ta duba kaya sun yi wa mota yawa, ta duba wadda za ta riƙe keken da amana, sai ta bar wa Miriyamu shi, har da tef na awo a naɗe. Keken ya zama abin kallo a unguwa. Tef ɗin kuwa ya shiga gwangwanin maɓallai, bai sake ganin rana ba.

Ba wai ba ta san lamba ba. Cewa take yi in ka auna yaro da tef sai ka nemi fensir, ka nemi takarda, takardar ta ɓace, ko akuya ta cinye. Ita da igiyar rama take awo, wadda take tufkawa da kanta a cinya. Kowane yaro da igiyarsa. Za ta tsayar da shi, ta ɗora bakin igiyar a kafaɗa ɗaya ta ja zuwa ɗayar, ta ƙulla. Ta koma bakin igiyar ta zagaye ƙirji, ta ƙulla. Ta sake komawa, ta saki igiyar daga kafaɗa zuwa inda rigar za ta tsaya, ta ƙulla. Ƙulli uku ke nan, ba ƙari. A bakin da ake fara awo sai ta ɗaura ɗan ƙyallen rigar da ta yi wa yaron bara, don kada igiyoyi su rikice. A bangon ɗakinta akwai ƙusoshi a jere, kowace da igiyoyi suna reto. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani magani ne ta rataye.

Da waɗannan igiyoyin take fitar da kayan wasan haihuwar Yesu da yara ke yi ranar Kirsimeti. Makiyaya su sa buhun da aka wanke aka fasa masa wuya. Masanan gabas su sa rawanin kwali. Tumaki kuwa ƙananan yara ne da hulunan da aka manna wa auduga, kuma duk shekara sai an samu tunkiyar da ta fashe da kuka tana neman uwarta. Mala'iku su ne manyan baƙi: farin yadi har idon sawu, da fukafukan karan dawa da aka lulluɓe da ƙyalle. Abin da ya rage na yankan yadi ba ya zuwa bola. Shi ke zama jakar littafi, ko hular jariri, ko 'yar tsana da aka cusa wa audugar rimi. Ba wanda ya taɓa fita gidan Miriyamu ranar Kirsimeti hannu rabbana.

Hannunta mai kyauta ne, wannan ba musu. Bakinta ne matsalar. Miriyamu irin mutanen nan ce da maganarsu kan riga tunaninsu fitowa, sai ta faɗi ƙasa sannan su tsaya suna kallonta.

Babban ɗanta Seth ya auri wata yarinya daga Betso, Lidiya. Yarenta daban da nasu, saboda haka da Hausa ake magana da ita a gidan, irin Hausar Mubi da ba ta damu da namiji ko mace ba. Lidiya mai kunya ce ƙwarai, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukinta Kwaji ba, balle ta tsaya hira da shi. In zai wuce sai ta durƙusa ta kau da kai. Ta haifi 'ya mace, Hanatu, wadda kakarta ke kira ƙawata, suna kwana ɗaki ɗaya suna cin tuwo kwano ɗaya. Da yaƙin basasa ya tashi, Seth ya bi samarin unguwa ya shiga soja ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Wasiƙa ta zo sau uku, daga nan shiru.

Ciwon wannan shirun ne ya taru a cikin Miriyamu, ya rasa ta inda zai fita. Wata rana bayan girbin 1968 ta dawo daga ɗaukar gyaɗa tare da mata biyu na zumunta, ta tarar da Lidiya zaune a gaban keken. Ta ciro tef daga gwangwani, ta auna Hanatu, ta ɗinka mata 'yar riga don ta ba Mama mamaki. Lidiya ta yi aji huɗu a firamare, lamba ba ta ba ta tsoro. Rigar ba ta yi muni ba, hannu ɗaya ne ya ɗan fi ɗaya tsawo. Miriyamu ta ɗaga rigar sama a gaban baƙi, ta juya ta, ta ce, "Matar da ba ta iya riƙe mijinta a gida ba, ina za ta iya riƙe allura?"

Babu wanda ya yi dariya. Lidiya ta tashi ta rufe keken da mayafinsa, ta mayar da tef cikin gwangwani. Washegari da safe ta goya kayanta, ta riƙe hannun Hanatu, suka bi masu zuwa Betso.

Miriyamu ta san ta yi laifi tun kafin ta ajiye rigar. Amma a wajensu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙarami yi haƙuri, kuma uwar miji ba ta bin matar ɗa gidan iyayenta. Ta ce ai fushi ne, zai huce. Kirsimetin shekarar ta zo ta wuce, ta ɗinka wa mala'iku huɗu riguna, ba ta iya kallon wasan ba. Damina ta zo ta wuce. Igiyar Hanatu tana nan a ƙusarta da ɗan jan ƙyalle a baki, Miriyamu tana share ɗakin ta kauce mata. Abin da take tsoro ba ta faɗa wa kowa ba, amma a fili yake: in Seth bai dawo ba, Lidiya za ta yi wani auren, yarinyar ta tashi a wani gida, ta manta da muryar kakarta. Ɗa ya tafi, jika ma ta tafi, kuma wannan na biyun ita ta kore ta da bakinta.

Da aka shiga Disamban 1969, malamin makarantar Lahadi ya kawo sunayen masu wasa. Miriyamu ta ce a ƙara mala'ika ɗaya. Ya ce wa? Ta ce shi dai ya ƙara. Sannan ta zauna ta tufka sabuwar igiya, ta yanko ƙyalle daga rigar nan mai hannu ɗaya dogo, wadda ta adana a ƙasan akwati, ta ɗaura a bakin igiyar. Duk macen da ta zauna a gidan ta san ma'anar wannan. Igiya babu ƙulli tambaya ce. In Lidiya ta auna yarinyar ta ƙulla, ta yafe ke nan. In ta dawo da ita yadda ta je, magana ta ƙare.

Ta miƙa wa Kwaji. "Baban Seth, ka kai wannan Betso. Ka ba Lidiya a hannunta."

"In ce mata me?"

"Kar ka ce komai. Ta sani."

Nan ta yi kuskure, don Kwaji mutum ne da in ba ka faɗa masa abu ba, bai ji ba. Shekara takwas yana kwana a ƙarƙashin igiyoyin nan bai taɓa tambayar yadda ake karanta su ba. Shi a wajensa igiya igiya ce, ta ɗaure dami ko ta ɗaure akuya.

Ya hau kekensa da sassafe, ya tsallake mayo, wato busasshen kogi, yana turawa a cikin yashi, ya isa Betso kafin rana ta take. Mahaifin Lidiya ya karɓe shi da mutunci, aka kawo ruwa, aka kawo kunu. Lidiya ta zo ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Ya miƙa igiyar, ta karɓa da hannu biyu, ta shige bayan gida. Hanatu kuwa an tura ta rijiya da sauran yara, ganin wucewa kawai ya yi mata. Maza suka zauna hirar yaƙi da farashin gyaɗa. Da ya tashi tafiya, maigidan ya sa aka kamo masa kaza, don ba a sallamar suruki haka nan. Daidai lokacin Lidiya ta fito, ta durƙusa, ta ajiye igiyar a naɗe kusa da ƙafarsa, ta koma ciki ba ta ce uffan ba. Ina za ta yi magana a gaban surukinta da ubanta?

Kwaji ya dubi kaza tana fisge-fisge a hannunsa, ya dubi igiya a ƙasa. Ya ce a ransa yarinyar nan akwai hankali. Ya ɗauka ya ɗaure ƙafafun kazar tam, ya rataye ta a kan keke.

Da la'asar ya shigo gida. Miriyamu tana gindin mangwaro tana yi kamar ɗinki take, alhali tun azahar allurar ba ta motsa ba.

"Yaya?" ta ce.

"Suna lafiya. Sun gaishe ki. Ga kaza."

"Igiyar fa?"

"Ai Lidiya bai yi komai da shi ba. Ya dawo mini da shi, na ɗaure kaza."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ko kalma ɗaya."

Miriyamu ta ce to. Ta rufe keken.  Ta shiga madafa ta zauna a kan murhun da ba wuta, ta yi kuka mai isarta, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da Seth ya tafi. Kwaji ya tsaya a tsakar gida da kaza a hannu, ya san dai wani abu ya lalace, amma bai san mene ne ba. Ya ajiye kazar a inuwa ya sulale waje.

Kukan kazar ne ya fito da ita. Kome baƙin cikin mutum ba ya barin dabba a ɗaure cikin ƙishi. Ta tsuguna tana kwance ɗaurin tana mita, don Kwaji in ya ɗaure abu sai ka ce ba za a sake kwancewa ba har abada. Kazar ta kuɓuce ta ruga. Miriyamu ta tashi za ta jefa igiyar cikin murhu, tana jan ta tsakanin yatsu kamar yadda hannunta ya saba, sai ta ji ƙulli. Ta ci gaba da ja. Wani ƙullin. Ta tsaya cak, ta koma bakin ƙyallen ta ƙirga a hankali. Biyar ne.

Ta aika aka kira Kwaji. "Ƙulli nawa ka yi?"

"Wa yake ƙirga ƙulli in yana ɗaure kaza?"

"Da ka ɗauke ta a ƙasa, akwai ƙulli a jiki?"

Ya sosa ƙeya. "Yana naɗe. Ban duba ba."

Da a wata rana ce da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ranar kuwa ta haɗiye, don ta riga ta ga abin da baki ke jawowa. Ta shiga ɗaki ta sauko da tsohuwar igiyar Hanatu mai jan ƙyalle, wadda ta auna ta da ita tana shekara huɗu. Ta shimfiɗa su biyu a kan tabarma, baki da baki, ta danne da dutse. Ƙullin farko na sabuwar ya wuce na kafaɗar tsohuwar da yatsa biyu. Na biyu ya wuce na ƙirji da yatsa uku. Ƙafar kaza ba ta san faɗin kafaɗar yarinya ba. Miriyamu ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe ƙirji, numfashin da ta riƙe wata goma sha huɗu ya fita. Lidiya ta auna. Ta yafe.

Saura tsawo. Ƙullin ƙarshe can ƙarshen igiya yake, wannan na Kwaji ne ko makaho ya sani. Amma biyun tsakiya fa? Ɗaya ya wuce tsohon awo da yatsa huɗu, ɗayan da taƙi guda har da ɗoriya. Ta juya su, ta shinshina su ma, dukansu warin kaza suke. Ta ce yaro ba ya yin taƙi guda a shekara biyu, wannan na kusa shi ne. Amma da ta ɗauki almakashi sai hannunta ya ƙi. Ta yanka farin yadin a kan dogon awo, ta kalmashe bakin rigar ciki har zuwa gajeren, ta bi da ɗinki. Ta yi fukafukai da karan da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Da ragowar yadin ta ɗinka ɗankwali, ta yi masa ado da jan zare a gefe, ba ta faɗa wa kowa na wane ne ba. Duk da haka zuciyarta ba ta kwanta duka ba, don yafewa daban, zuwa daban.

Ana gobe Kirsimeti, da hantsi, tsakar gidan cike da yara ana gwajin kaya, makiyaya suna dukan juna da sanduna, sai aka yi sallama. Lidiya ce da ƙullin kaya a ka. A bayanta wata doguwar yarinya siririya, haƙoran gaba biyu babu, tana leƙe. Miriyamu ta ajiye allura ta miƙe tsaye.

"Mama, mun same ku lafiya?" in ji Lidiya, tana durƙushe.

"Lafiya lau. Sannunku da hanya." Ta juya ga yarinyar. "Ƙawata, wa ya sace miki haƙora?"

Hanatu ta rufe baki da hannu tana dariya, sannan ta zo da gudu ta faɗa jikinta. Ba ta manta ba.

Bayan an sha ruwa aka ɗauko rigar. Kafaɗa ta zauna daidai, ƙirji daidai. Tsawon kuwa a ƙwauri ya tsaya, ga ƙafafun mala'ika a waje sun yi furu-furu da tafiya. Yara suka fara ƙyalƙyala. Lidiya ta dubi igiyar da ke rataye, ta kama ƙulli na uku.

"Mama, wannan ba nawa ba ne. Nawa shi ne na gaba. Yarinya ya yi tsawo sosai."

"Wannan na kazar Baba ne," in ji Miriyamu. Kwaji, wanda ke gyaran fartanya a gefe, ya ga ya kamata ya je duba akuya.

Ta juya bakin rigar ta nuna kalmasar. Yadin na nan, warwarewa kawai yake so. Ta ɗauki reza, sai kuma ta tsaya. Matan zumunta biyun nan da aka yi abin a gabansu suna wajen, sun kawo jikokinsu gwaji. Miriyamu ta tashi daga kan kujerarta ta gaban keke, kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kai da izininta, ta miƙa wa Lidiya rezar da rigar.

"Zauna ki gyara wa 'yarki. Idona ba ya ganin farin zare a kan farin yadi." Wannan ƙarya ce, kowa ya sani, don tana iya zura allura ko a inuwa. Ita ma ta ji ƙaryar ba ta isa ba, sai ta ƙara, da ƙarfi yadda matan za su ji: "Maganar da na faɗa miki ba gaskiya ba ce. Seth ƙafarsa ce ta kai shi, ba ke ba. Ki yi haƙuri, 'yata."

Lidiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farin yadin. Ta share da gefen zani, ta zauna, ta warware kalmasar a hankali. Sannan ta ɗaga ido tana neman igiyar. Miriyamu ta riga ta buɗe gwangwanin maɓallai. Ta ciro tef ɗin, ta warware shi, ta ɗora bakinsa a kafaɗar Hanatu ta danne da yatsa.

"Na riƙe nan," ta ce. "Ke karanta lambar."